Ranar da Kwamiti Ya Tura Yaya Tanko Legas

Abubuwa da yawa na aikin talabijin sun zube daga kaina tun da na yi ritaya, amma wata Laraba ta cikin daminar 2007 ta ƙi barina. Ita ce ranar da mu manya, kowa da furfurarsa, muka kulle kanmu a ɗakin duba shirye-shirye muna ɗaga wa juna murya a kan mutuwar wani ɗan katun. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba zan iya ce muku ga wanda ya fi ɓata mini shi ba: mutanen Japan da suka zana abin, ko ogana, ko matashin da abin ya faɗa wa a ka.

Bari in fara da yadda aikin yake, don ku da kuka shigo bayanmu ba haka kuka tarar da shi ba. A lokacin, duk abin da gidan talabijin ɗinmu zai sa wa jama'a sai ya bi ta hannun kwamitin duba shirye-shirye, mai zama kowace Laraba da hantsi. Shugabansa shi ne Kontirola, wato mai kula da sashen shirye-shirye gaba ɗaya. Namu Oga Barde ne, mutumin Paiko, kullum daga can yake shigowa Minna a tsohuwar motarsa. Sai Malam Sha'aibu na sashen shirye-shiryen addini. Sai ni, babbar jami'ar shirye-shirye a mataki na goma sha biyu, ni ce sakatariya. Akwai kuma injiniya mai kunna mana kaset, ba ya cikin masu yanke hukunci, amma bakinsa ba ya hutawa.

A rubuce, doka ta ce mu kalli komai daga farko har ƙarshe. A aikace kuwa, wa ke da wannan lokacin? Tura kaset ake yi da gudu, ba murya, ido na neman abu uku: tsiraici, kwalbar giya, da abin da ya taɓa addini. In babu su sai a sa hannu a wuce. Katun ma ai ba a ɗaukarsa a bakin komai, ana tura shi muna cin gyaɗa muna hirar ƙarin girma.

Mai shirin da ake magana a kai sunansa Istifanus, mutumin wajen Kafanchan, yana haya a unguwar Barkin Sale. Furodusa muke kiransa, amma a gaskiya ɗan wucin gadi ne, ba shi da mataki, ba shi da fansho, ana iya ce masa gobe kada ya zo. Ya shekara uku a haka. A ƙarshen watan nan ne za a zauna a kan waɗanda za a tabbatar a aiki, kuma a karon farko an tura sunansa. Matarsa kuma tana da tsohon ciki. Kowa a sashen ya san wannan, don ni da kaina na yi ta yi masa sintiri a ofishin gudanarwa.

Shirinsa na yara ne, rabin awa, Asabar da safe. Wani katun ne na Japan da muka samo daga wani dillali a Legas, na masu takubba, ana magana da harshensu, ga rubutun Turanci yana gudu a ƙasa. Injin ɗaukar murya na ƙaramin sitidiyo ya daɗe da lalacewa, don haka Istifanus yakan shiga ya zauna gaban makirfo, katun na tafiya, shi yana ba da labarin da Hausa kai tsaye. Sunayen Japan sun ƙi zama a bakin yara, sai ya raɗa wa kowa nasa. Jarumin ya zama Auta, wansa ya zama Yaya Tanko, mugun kuma Mai Farin Gashi. Auta ya rasa idonsa na hagu tun yana ƙarami, shi ya sa ko ina za su, Yaya Tanko ta hagunsa yake tafiya yana tsare masa wannan gefen. Shirin ya karɓu sosai, har wani Alhaji mai gidan burodi a Limawa ya ɗauki nauyinsa.

To ranar Larabar nan aka kawo kashi na goma sha uku. Injiniya ya zura kaset ya danna gudu kamar kullum. Muka ga an yi 'yar hatsaniya a kan wata gada, sai hoto ya tsaya cik. Yaro tsaye, kai a sunkuye, ba motsi. Injiniya ya yi tsaki ya ce, "Injin nan ya sake." Ya ba shi mari a gefe. Bai motsa ba. Ya zaro kaset ya hura masa iska, ya ɗauko auduga da sifirit ya goge kan injin, ya mayar. Yaro yana nan inda yake. Oga Barde ya fara faɗan cewa tun bara ya rubuta a sayo sabon inji.

Sai Istifanus, da ke tsaye a bakin ƙofa don ɗan wucin gadi ba ya zama a kwamiti, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba injin ba ne. Haka abin yake. Tsaye yake."

Oga ya ce, "Tsaye yake yana me?"

Ya ce, "Yayansa aka kashe."

Dole muka mayar da kaset farko, muka buɗe murya. Wannan ne karo na farko da wani a cikinmu ya kalli katun ɗin nan yadda yaran gari ke kallonsa.

Kai, ni Ladi na ga ta kaina! Ku bari in fara da abin da ya ishe ni, don shi ya fi yawa. Ana soke Yaya Tanko, kafin ya kai ƙasa, ruwan sama ya tsuge. Ba hadari, ba iska, ba komai. Mu nan Minna da muka san ruwa, ba mu taɓa ganin wanda ke jiran a yi mutuwa ya sauko ba. Daga nan Auta ya tsaya. A nuna fuskarsa, a nuna kududdufi, a dawo fuskarsa, a nuna takobi a ƙasa, a sake dawowa fuskarsa. Sai a koma baya, lokacin suna yara, Yaya Tanko ya raba dunƙulen shinkafa biyu ya miƙa masa rabi yana murmushi. To, ya yi kyau, mun gane. Can an jima sai ga dunƙulen shinkafar nan kuma. An jima ga shi kuma, wannan karon da kiɗan da ke jan rai. Na ce wa Malam Sha'aibu in aka sake raba shinkafar nan zan nemi nawa kason.

Da Auta ya gama tsayuwa sai ya shiga ihu. Ya ɗaga kai sama yana "Me ya sa! Me ya sa!" har lasifikarmu tana karkarwa. Shi kuma Mai Farin Gashi, wanda ya yi kisan, ya jingina da ƙarfen gada ya harɗe hannu yana jira a gama kuka. Da aka gama sai ya buɗe nasa karatun: wai duniya ciwo ce, wai shi ma maraya ne, wai ba wanda ya taɓa raba shinkafa da shi. Har shi ma aka koma mana baya muka ga yarintarsa. Haba! Kai da ka zo kisa, ka kashe ka kama gabanka mana, wa ya tambaye ka tarihi? Akwai kuma wata yarinya abokiyar tafiyar su Auta, ta laɓe bayan bishiya, ba abin da take yi sai kiran sunan Auta tana dafe ƙirji. Ga gawa kwance cikin ruwa, ba wanda ya yi tunanin ya yafa mata ko ƙyalle. Ba mai cewa ka yi haƙuri, ba mai dafa kafaɗar Auta. Kowa yana ta kansa, kowa yana jin shi ya fi kowa shan wahala. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai.

Na riga na yanke cewa abin shirme ne. Sai faɗan ya zo.

Faɗan gajere ne, kuma ba irin nasu na kullum ba da mutum zai tsaya ya sanar da sunan saran da zai yi kafin ya yi. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Auta ya ɗauki takobi ya nufi Mai Farin Gashi, amma sai ya raɓe ta gefen dama na gadar, ya bar fili ta hagunsa, daidai wurin mutum ɗaya. Ba wanda ya yi bayani, ba a koma baya ba. Jikinsa ne kawai ya yi abin da ya saba. Sara ya zo masa ta hagun nan, ko hannu bai ɗaga ba, don tunda yake bai taɓa buƙatar ɗagawa ba. Ya faɗi. Yana kwance ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu, a hankali, ya dubi wurin da babu kowa.

Wallahi nan na ajiye gyaɗata. Duk ihun da ya yi a baya bai taɓa ni ba, amma wannan juya kan ya shiga jikina. Na yi takaba, na san yadda hannu ke ɗauko kofi biyu da safe kafin kai ya tuna. Wanda ya zana wurin nan ya san mutuwa, ba labarinta ya ji ba. Kuma ba su ba shi nasara ba. Ya tashi yana ta juyi kamar wanda bai taɓa riƙe takobi ba, aka sake kayar da shi, mugun ya tafi ya bar shi. A ƙarshe ya tona ƙasa da hannuwansa ya rufe ɗan'uwansa, ya tara ƙasar ta yi tudu, ya zauna a gefe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutanen da suka iya wannan su ne kuma suka cika mu da shinkafa. Sun iya shiru, amma ba su yarda da shi ba sai sun gaji da ihu.

Injiniya ya kashe inji. Aka shiga muhawara, kowa da wuƙarsa. Malam Sha'aibu ya ce a yanke wurin ɗaga kai sama, "Wa yake tuhuma? Wannan koya wa yara rashin tawakkali ne." Oga Barde ya ce jini da gawa ba za su fita a shirin yara ba. Injiniya ya ce a cire tsayuwar nan, in ba haka ba mutane za su yi ta bugo waya cewa tasha ta sanƙare, kuma shi za a zaga. Ni kuma na ce a bar shinkafa ɗaya a zubar da sauran, a kuma rage wa Mai Farin Gashi baki. Da aka haɗa abin da kowa ya yanke, sai muka ga ba abin da ya rage sai waƙar buɗewa, da waƙar rufewa, da yarinyar bayan bishiya. Ga Alhaji mai burodi rabin awa ya saya.

Oga ya ce to a tsallake kashin gaba ɗaya. Istifanus ya ce ba zai yiwu ba, duk sauran labarin a kan wannan yake tsaye, yara za su tambaya ina Yaya Tanko.

Oga Barde ya yi ta kaɗa biro. Can sai fuskarsa ta washe, ni kuwa na san wannan washewar.

Ya ce, "Tsaya. Wa ke jin Japananci a garin nan? Babu. Turancin ƙasan nan kuma gudu yake yi, yaro ba zai kama ba. Abin da Istifanus ya faɗa shi ne labari. A yanke sukan da jinin kawai, a bar sauran. Kai kuma ka ce ciwo ya ji, ya suma, an tafi da shi asibiti Legas."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kabarin fa?"

Ko ɗar bai yi ba. Ya ce, "Wane kabari? Kunyar doya ce. Ki dube ta da kyau, Hajiya, ni manomi ne. Yana shuka wa yayansa doya kafin ya dawo."

Injiniya ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Oga kuwa da gaske yake. Ya ƙara da cewa ai ga shi ma Yaya Tanko yana ta dawowa yana raba shinkafa, yara za su ga yana nan lafiya. Abin da na fi tsana a kashin shi ya zama masa hujja.

Na ce masa ni ban yarda ba. Na ce a rage abin, a faɗi gaskiya da taushi. Na juya wajen Malam Sha'aibu ina neman agaji, ya gyara hula ya ce shi dai ƙarya ba kyau, amma wannan zane ne ba mutum ba, don haka ba ruwansa. Oga ya ce, "Hajiya, mu haka muke yi. Yaro ƙarami ba a jefa masa mutuwa a fuska. Sai a ce ya yi tafiya. In ya girma ya gane da kansa. Tausayi ne." Ba zan zalunce shi ba, Oga Barde ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Kuma ba shi ya ƙirƙiro ba. Musulminmu da Kiristanmu, na sha ganin an yi haka a gidajen makoki, har a cikin danginmu.

Sai Istifanus ya matso daga bakin ƙofa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yanke duk abin da za a yanke. A soke shirin wannan makon ma. Amma don Allah kada a sa ni in faɗi wannan."

Oga ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai, ƙarshen wata ake zama a kan sunanka. Kada ka sa in fara wani tunani." Ya ce in rubuta hukunci, na rubuta, aka tashi.

A baranda na tare shi na ce, "Isti, ka ji ni da kyau. Zancen banza ne, na sani. Amma jimla biyu ce, ka karanta ka wuce. In aka tabbatar da kai, ka yi ta gardamarka har ka tsufa. Ka tuna matarka." Ya ce, "To, Anti." Ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Asabar ni ke kan aiki a ɗakin sarrafa shirye-shirye. Tsakaninmu da ƙaramin sitidiyo gilashi ne, ina ganin Istifanus yana ganina. Aka sa waƙar buɗewa, ya gaishe da yara kamar yadda ya saba, da raha, da kwaikwayon murya. Takardar da kwamiti ya amince da ita tana gabansa. Aka zo gada, an yanke sukan, sai dai aka ga Yaya Tanko a ƙasa, ruwa ya sauko, Auta ya tsaya. Nan ne Istifanus zai ce an ji wa Yaya Tanko ciwo.

Bai ce komai ba.

Ku kun san a aikinmu ba laifin da ya kai shiru. Hoto ba motsi, murya babu, mai kallo zai ɗauka tasha ta mutu. Na ɗaga masa hannu. Na nuna masa takarda. Na buga gilashi da zobena. Injiniya yana "Anti, in sa talla? In sa talla?" Shi kuwa idonsa na kan allo, ko ƙiftawa ba ya yi. Na yi ta zaginsa a zuci.

Can ya matso da bakinsa kusa da makirfo. Ba muryar wasa ba, muryarsa ta gaske. Ya ce, "Yara, ku saurara. Yaya Tanko ya mutu. Ba barci yake yi ba, ba tafiya ya yi ba. Ba zai dawo ba. Shi ya sa Auta yake kuka, kuma ba laifi ba ne ya yi kuka."

Lokacin talla ya riga ya yi, injiniya ya danna. Sai ga waƙar burodin Alhaji, da ganga da guɗa, wai a ci a yi ƙiba. Na dafe kai na ce na shiga uku.

Da aka dawo daga talla Istifanus ya ci gaba da ba da labarin yadda yake. Surutun Mai Farin Gashi ya taƙaita shi a jimla ɗaya, Allah ya saka masa da alheri. Da aka zo wurin faɗan ya sake yin shiru, ya bar hoton ya yi aikinsa, wannan karon ban buga gilashi ba. Da aka nuno tudun ƙasa ya ce, "Nan ya binne shi." Waya a Paiko sai an hau tudu, don haka kiran Oga Barde bai shigo ba sai ana waƙar rufewa. Abin da ya faɗa ba zan maimaita muku ba.

Ina ajiye waya na banka ƙofar sitidiyo. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Shekara uku kana shara kana jan wayoyin kayan aiki kana jiran ranar nan, ka zo ka watsar a kan katun? Katun, Istifanus! Katun ɗin ma da rabinsa ihu ne da shinkafa! Ni da na yi ta zubar da girmana a ofishin gudanarwa saboda kai, me zan ce musu?"

Ya bari na gama. Yana naɗe wayar makirfo a hannunsa ya ce, "Anti, babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Ina aji ɗaya ya rasu a wurin aiki. Aka kai ni gidan gwaggona kwana biyu, da na dawo aka ce an tura shi aiki Inugu. Gidanmu kusa da tasha yake. Duk jirgin da ya yi kuka sai na ruga, in tsaya ina duba masu sauka. Mamata tana ganina, ba ta iya cewa komai, sai ta shiga ɗaki. Har na fara jin haushinsa, na ce ya manta da mu. Sai da na kai aji biyar wani yaro ya gaya mini a wurin ƙwallo, muna faɗa, don ya ƙona mini rai."

Ya ajiye wayar ya ce, "Na yi niyyar karantawa, Anti. Har na buɗe baki. Akwai sauran kashi goma sha uku, kuma ba ya dawowa a ko ɗaya. Na tuna yaran nan za su zauna kowace Asabar suna duba hanya. Bakina ya ƙi."

Haushin bai tafi ba, amma ya rasa inda zai sauka. Na ce masa ya tafi gida.

Ranar Litinin aka ba shi takardar tuhuma, wato ya bayyana a rubuce dalilin da ba za a hukunta shi ba saboda saɓa wa hukuncin kwamiti. A ƙa'idar aiki laifinsa a fili yake, ba wanda zai ce Oga ya yi ba daidai ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wasu iyaye sun bugo da fushi. Wata ta ce ɗanta ya ƙi cin abincin rana. Alhaji mai burodi ya zo da kansa, ba mutuwar ce ta dame shi ba, cewa ya yi don me za a haɗa burodinsa da makoki. Na shiga wurin Oga na roƙa, na sake shiga na roƙa. Ya ce, "Hajiya, na ji labarin babansa, ya taɓa ni. Amma wanda ba ya bin takarda a shirin kai tsaye, yau katun ne, gobe labaran gwamna ne. Ba zan iya sa hannu ba." Na fito ina huci.

Ƙarshen wata sunaye suka fito babu nasa. Aka dakatar da shirin, aka maye gurbinsa da wani tsohon kaset na raye-rayen gargajiya da muka riga muka sa har aka gaji da shi. Istifanus ya kwashe 'yan kayansa a leda ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, har Oga Barde, wanda ya kasa haɗa ido da shi. Mako biyu bayan haka matarsa ta haihu. Na je barka a Barkin Sale, ɗaki ɗaya, ba aiki. Daga baya ya samu koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, albashin bai kai ya kawo ba. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba, ni kuma ban taɓa daina ce masa ya cika taurin kai ba.

Har gobe ra'ayina a kan kashin nan bai canja ba. Ya yi tsawo, ya yi ihu, ya raina hankalin mai kallo da maimaici, kuma da ni ce mai shi da na zubar da rabi. Amma duk da haukansu, waɗanda suka zana shi sun yarda cewa yaro zai iya ɗaukar labarin mutuwa in an gaya masa. Mu da muke zaune a kujerun kwamiti, masu mataki da fansho, ba mu yarda ba. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan a kan mutanensa: mun fi tsoron shiru da hawayen mai kallo fiye da ƙarya, in dai ƙaryar ta bi ta kwamiti an sa mata hannu. Mutum ɗaya ne a duk gidan ya ga yaran garin nan sun isa a gaya musu gaskiya, shi ne kuma wanda muka sallama.